Limamin Azahar da La'asar

Duk ranar Juma'a 'yata take kirana, bayan mun sauko daga masallaci a nan Jidda, lokacin da su a gida maza ko wankan Juma'a ba su yi ba. 'Yar fari ce, ba na kama sunanta, kuma ita kaɗai Allah ya bar mini. Hirarmu ba ta sauyawa: lafiyar jikokina, tsadar masara, ciwon gwiwata, sai ta tambayi yaushe zan dawo, ni kuma in ce sai Allah ya yi. Mun daɗe muna haka har tambayar da amsar suka zama cikin gaisuwa.

Wata Juma'a sai ta zo da sabuwar magana. Ta ce mijinta ya ji a rediyo an kai ƙudurin doka gaban majalisar jiharmu, wai za a saka limamai da ladanai, har da fastoci, cikin tsarin fansho na gwamnati. Za a riƙa cire musu haraji kamar kowane ma'aikaci, in sun tsufa kuma a riƙa ba su abin cefane duk wata. Na yi dariya na ce to, yanzu har goron ɗaurin aure za a yanka wa haraji ke nan. Ita ba ta yi dariya ba. Ta ce akwai sashen da ya shafe ni: waɗanda aka taɓa yi wa irin wannan tayin a da suka ƙi, za a sake buɗe musu ƙofa sau ɗaya, ko da sun bar gari, muddin mutum ya kawo takarda da sa hannun mutum biyu da suka daɗe suna bin sa sallah, su shaida cewa bai bar limanci ba.

"Baba, mutum biyu ne fa kawai," in ji ta.

Na ce mata na ji. Da na ajiye wayar na daɗe zaune a bakin katifa, fanka tana juya mini zafi, ina jin kunyar irin yadda zuciyata take rawa.

Ya kamata in faɗi dalilin rawar. Kafilina, wato mutumin da takardar zamana take ƙarƙashin sunansa, ya riga ya gaya mini cewa sabunta takardar, wadda a nan ake kira iƙama, da ya yi mini bana ita ce ta ƙarshe. Bai faɗa da wulaƙanci ba, tsufa ne ya gani, ni ma ina ganinsa a madubi. Komawa gida ta zama dole, kuma ba ni da gida. Mijin 'yata, tela ne, mutumin kirki, ya sha aiko mini da saƙo cewa akwai ɗaki a zauren gidansa. Amma a inda na tashi namiji ba ya tsufa a gidan surukinsa. Mutumin da ba ya iya cin abinci a gabana, ni ma ba na iya ci a gabansa, yaya zan wayi gari ina jiran kwanon da za a miƙo mini daga tukunyarsa? Da fansho, komai ƙanƙantarsa, zan kama ɗaki ɗaya kusa da su, in sayi kokona da kaina, in je gidansu a matsayin baƙo in dawo. Abin da nake so ke nan, ban nemi fiye da haka ba.

Ni ne kuwa na ƙi tayin farko, kuma ban ƙi cikin lalama ba. Ina da shekara talatin da 'yan kai a lokacin, ina limancin masallacin bakin tasha a garinmu, gemuna baƙi wuluk, bakina kuma ba linzami. Sakataren ƙaramar hukuma ya zo da takardu, ya ce za a sa limamai a albashi, a riƙa cire wani abu ana ajiye musu na tsufa. Bayan La'asar na miƙe na yi wa'azin da har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun yi zafi. Na ce ba na sayar da sallah, na ce duk limamin da hukuma ta ciyar, hukuma ce za ta zaɓa masa abin da zai faɗa. Mutane suka yi ta kabbara. Na'ibina yana zaune a sahun gaba kansa a sunkuye, domin kowa ya san ya riga ya cike tasa takardar. A tawa akwai gurbin da mutum zai sa hannu in ya ƙi saboda aƙidarsa. Na sa hannu, na kuma dangwala babban yatsa ba tare da an nema ba, don kada a ce ba ni ba ne.

Na'ibin nan yana nan da ransa. Ya yi ritaya, ya yi wa gidansa rufin kwano, yana kiwon awaki. Ba na yi masa baƙin ciki. To, ina yi kaɗan.

Shekara uku bayan wa'azin matata ta kwanta ciwo, masu kabbarar nan kuma ba su da abin da za su taimaka da shi sai addu'a, ban kuwa ga laifinsu ba. Na sayar da gonar gado na zo umara da niyyar in yi wata shida in nemo na magani. Ta rasu ina nan, ba ni da takardar fita. Daga baya na samu kafili, aka yi mini iƙama, a gurbin sana'a aka rubuta lebura. Har yau abin da ke jikin katin ke nan.

Aikina a wani siton shinkafa da sukari ne a Sina'iyya, unguwar masana'antu da ke kudancin gari. Motar kamfani take ɗaukarmu daga unguwarmu Sharafiyya da sassafe, mu cika ta maƙil, kowa yana gyangyaɗi a kafaɗar wanda bai san harshensa ba. Ni ba na ɗaukar kaya yanzu. Basilla da zare ne nawa: duk buhun da ya fashe wajen sauke kaya ni ake jawo wa, in kwashe abin da ya zube, in ɗinke bakin. A ƙarshen siton, tsakanin jerin buhuna da bango, akwai wani kafet kore da ya koɗe. Nan muke sallah.

Wurin ba shi da liman, ba wanda aka naɗa, ba wanda aka rubuta. Al'adar irin waɗannan wurare ita ce in an tayar da sallah sai a tsaya ana kallon juna, wannan ya ce wa wancan tafaddal, wato bismillah shiga gaba, wancan ya noƙe ya nuna wani, har sai wani ya gaji ya ɗora hannu a bayan wanda ya ga ya fi kama da malami ya tura shi. A makona na farko hannun ya sauka a bayana. Na waiga na ga direban motar ɗaga kaya ne, wani dogo baƙi mai faɗin kafaɗa. Ya ce mini, da wata irin Hausa mai nauyin Larabci, in shiga mana, lokaci yana tafiya. Haifaffen Jidda ne, kakanninsa a ƙafa suka zo aikin hajji daga ƙasar Hausa suka zauna, shi kuwa bai taɓa ganin ƙasar ba. Tun daga ranar, shekara ashirin da biyu, hannun nan ne yake tura ni gaba sau biyu a rana. Ban taɓa shiga da kaina ba. Kullum sai na tsaya a sahu kamar kowa na jira, domin ina ganin hakan ya fi tsarki.

Kafin Magariba muke tashi daga aiki, don haka Azahar da La'asar kawai nake ja, sallolin da ake karatunsu a ɓoye. Ni da a gida direbobi suke kashe mota a tasha don su ji karatuna na Magariba, a nan ba wanda ya taɓa jin ko Fatihata. Kabbara suke ji, sai sallama. Hutun kuma gajere ne, da an sallame kowa yake zura takalmi ya ruga. Ni kuwa malamina ya koya mini kada in juya sai na gama tasbihi. Kafin in juyo, kafet ya zama wayam. Bangon da ke gabana na san shi ciki da bai, da tabon tsatsar da ya gangaro daga rufi, da ƙusar da aka taɓa rataye kalanda.

Da na zauna lissafa shaidu bayan kiran 'yata, sai na ga abin da na yi wa kaina. Na san mutanena, amma da kunne na san su. Akwai wanda tari yake kama shi a raka'a ta biyu. Akwai mai gwiwar da take ƙara in zai yi sujada. Akwai wani Basudane da ba ya iya riƙe amin ɗinsa ko a sallar ɓoye, sai ka ji ta fito masa a hankali. Ba sunan ko ɗaya da na sani, kuma da na bincika duk sun tafi. Kwantiragin shekara biyu ne yake kawo su, ya ƙare su koma, wasu su zo su tsaya a gurbinsu. Na tari wani ɗan Bangaladash da na tabbata ya fi shekara goma a bayana, na yi ta yi masa bayani da guntun Larabcin da muke haɗuwa a kai. Ya saurare ni da ladabi, sannan ya ce watansa bakwai da zuwa. Wansa nake nufi, shi kuwa ya koma gida tun tuni, shi ne ma ya samo masa gurbin. Abin ya ba shi dariya, ni ma na taya shi, sannan na koma kan buhuna.

Saura direban ke nan. Mutum ɗaya ba biyu ba ne, amma na ce in ya sa hannu, shi ɗan gari ne, ba zai rasa sanin wani tsohon ma'aikaci da ya rage a Jidda ba. Ban yi masa maganar a wurin aiki ba. Na bari sai Juma'a bayan La'asar, na sa farar rigata, na rubuta takardar da hannuna da Larabci mai kyau, na ninke ta a aljihu, na hau tasi zuwa gidansa a gefen Balad, tsohon gari. Shekarun nan duka ban taɓa taka gidansa ba, shi ma bai san ɗakina ba.

Ya yi murna da ganina ƙwarai. Ya zaunar da ni a falo, aka kawo shayi da na'ana'a, ya kira 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya su gaishe ni, yana ce musu ga shehinmu na wurin aiki. Suna jin Hausa amma da Larabci suke amsawa. Na ji daɗin kalmar nan, shehinmu, har na ga kamar an gama. Da suka fita na zaro takardar na yi masa bayanin komai, da majalisar, da fanshon, da ɗakin zauren surukina, abin da ban taɓa gaya wa kowa ba.

Ya karanta ta sau biyu. Ya ajiye ta a kan tebur a hankali, ya janye hannunsa daga kanta.

"Ya shaikh," in ji shi, "wallahi in ranar ƙiyama ce, ni ne farkon wanda zai tashi ya yi maka shaida. Amma waraƙa, takarda da sunana da lambar iƙamata, ta tafi wurin hukumar wata ƙasa, la', ba zan iya ba. A nan aka haife ni, amma ni ma da kati nake zaune kamar kai. Yarana biyar a jikin katin nan suke rataye."

Ya ci gaba da nuna mini cewa takardar ni ma ba alheri ba ce gare ni muddin ina ƙasar. Katina ya ce lebura, takardar ta ce liman, kuma ba wanda ya ba ni izinin limanci. In ta faɗa hannun da bai kamata ba, ni da shi da kafilin duk sai mun yi bayani. Muddin ana tura ni gaba ne kawai, ba laifin kowa, domin matafiya ma haka suke yi a bakin hanya. Da an rubuta, ta zama wata magana.

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa raina ya ƙara ɓaci. Na ce masa shekara ashirin da biyu yana da hannun tura ni, yau ne hannun ya shanye da aka ce ya riƙe biro. Na ɗauki takardata, na bar shayin rabi, na fita ko rakiyarsa ban jira ba.

Ban hau mota nan da nan ba. Na bi lungunan Balad a ƙafa, gumi yana manna mini riga a baya, masu shaguna suna kiran masu saye da harsuna iri-iri, ba mai kirana. Kaɗaici ba baƙona ba ne a garin nan, amma na ranar daban ne. A da ina ce wa kaina ko ba kowa, ai ina da jama'a a sito. Ranar na gane jama'ar ba ta san tana da ni ba. Kuma ba wanda ya cuce ni. Ni na miƙe a masallacin tasha na roƙi a bar aikina tsakanina da Allah, kada takarda ta shiga, kada hukuma ta sani. Abin da na roƙa aka ba ni, cif, ba ragi. Ban yi nadamar niyyar ba har yau. Abin da na yi nadama shi ne kan na'ibina da na sa ya sunkuya a gaban mutane.

Da muka koma aiki na ƙudurta ba zan ja sallah ba. Aka tayar da Azahar, na wuce can ƙarshen sahu, jikin buhunan sukari, na tsaya na kafe idona a ƙasa. Na ji ana ta tafaddal, tafaddal, kowa yana noƙewa. Sai na ji takun direban mai nauyi, ya bar wurinsa ya zagayo ta bayan sahu. Hannun ya sauka a inda ya saba sauka, tsakanin kafaɗuna. Na ƙi motsi. Na ce masa ya shiga da kansa, ai ya iya Fatiha.

"Ya shaikh, yalla, shiga," in ji shi a hankali, yadda ni kaɗai zan ji. "Ba mu da wani."

Na so in ce masa ko maganar nan kaɗai ya rubuta a takarda ta isa. Ban faɗa ba, domin an riga an tayar da sallah, mutane suna jira, hutunsu yana ƙarewa. Na wuce gaba na fuskanci tabon tsatsata.

Da na sallame, ranar ban jira tasbihi ba, Allah ya gafarta wa malamina. Na juyo nan take. Mutum tara ne. Biyu har sun miƙe suna laluben takalmi, ɗaya yana duba waya, sauran suna ƙirga tasbihi a yatsu, fuskokinsu duk garin shinkafa. Yawancinsu sa'o'in 'yata ne ko ƙasa da haka. Da suka ga ina kallonsu sai suka rikice, wani ya zaci an yi kuskure ne a sallar, ya ɗaga yatsu huɗu yana tambayata da ido. Na gyaɗa masa kai cewa ta cika. Suka watse. Direban ne ya fita a ƙarshe, bai kalle ni ba, ni ma ban kira shi ba. Da La'asar ya sake tura ni, na sake shiga, haka muke har yau. Ba mu ƙara tayar da maganar ba.

Juma'a biyu na yi ina ce wa 'yata ana kan nema. A ta uku ta ce mijinta ya ji an miƙa ƙudurin ga wani kwamiti, ba a san ranar da zai fito ba, amma gara in shirya takardata tun yanzu. Na ce mata ta bar maganar takarda, ba za a samu ba. Ta fara tambayar dalili, na katse ta.

"Ɗakin nan na zaure da maigidanki yake magana," na ce, "yana yoyo da damina?"



"An gyara rufin tun bara, Baba," in ji ta. "Ya sa an buɗe masa ƙofa ta waje ma, don kada ka riƙa bi ta cikin gida."

Na ce Allah ya yi masa albarka, ta gaishe shi. Sannan na kashe wayar.

Da aka kira La'asar ban sauka masallacin unguwa ba, ba na son ganin kowa. Na yi alwala, na shimfiɗa darduma tsakanin katifa da akwatina, na tsaya. Sai da na kai raka'a ta biyu na lura ina ɗaga murya a kowace kabbara, yadda na ƙarshen sahu zai ji.